Ranar da Inna Ta Ce Biro Take So

Ni da yayana mun shafe shekaru muna musu ɗaya. Shi atamfa yake sayarwa a Babbar Kasuwa, ni kuma malamar makaranta ce a Mando. Shi ya dage a ba talaka abinci, ni na dage a ba shi ilimi. Duk Juma'a idan muka haɗu a gidanmu na Unguwar Kanawa sai mun tayar da zancen, Inna tana gyaran wake tana jin mu kamar rediyon maƙwabta.

Bayan rasuwar Baba, wata ƙungiya ta sa Inna cikin matan da take ba tallafin shinkafa da mai duk wata. Sharaɗin shi ne zuwa ajin yaƙi da jahilci. Inna ba ta ɓoye ba, don shinkafar ta je. Alƙur'ani kam tana karantawa sarai, amma boko ko baƙi ɗaya. Ranar rabo sai ta dangwala yatsa a tawada, shuɗin ya kwana biyu bai fita ba, tana ta naɗe hannun cikin mayafi. Abin yana min ciwo.

A wata na bakwai na raka ta. Da layi ya zo kanta, ma'aikacin ya turo mata tawada, ta ce biro take so.

"Hajiya, yatsa muke da shi a takardarki. In kika canza sai an mayar ofis, wannan watan ba ki da kaso."

Lokacin kasuwa ta tsaya cak, albashina bai zuwa ko'ina, shinkafar nan ce ke riƙe tukunyar gidan. Ni ɗin nan, sarauniyar wa'azin ilimi, na raɗa mata, "Inna, ki dangwala kawai mana."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta rubuta sunanta a hankali, tana cije leɓe, muka dawo da buhu a ninke.

Yayana da ya ji, dariya ya yi har da ƙwalla. Washegari sai ga shi da rabin buhun shinkafa a Keke Napep, da biro sabo fil a aljihu.

Yau Inna da kanta take duba sunayen masu sayen daddawarta a waya, hankalinmu kwance. Musun yana nan. Sai dai duk sanda na ɗaga murya, Inna takan ɗago babban yatsanta fes ta nuna min, in tuna abin da na raɗa mata ranar.