Rariyar da na toshe a gidan Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Funtua, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa wadda ba ta kama wuta sai an yi mata lallashi. Ƙauyenmu muka nufa, can bayan Malumfashi, don mu ɗauko Gwaggo, yayar mahaifinmu. Ita kaɗai ta rage a gidan kakanmu da ke bakin fadama. Kwana uku ana bugo mana waya cewa rafi ya fara hawa, kowa ya koma tudu, ita kuwa ta ce ko da gora ba za a fitar da ita ba.

Tsakiyar marka ce, ko'ina kore shar. Daga Bakori zuwa Malumfashi masara ta fi mutum tsawo, waken suya ya rufe ƙasa. Mun tsaya a tasha muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai suyar ko shi ma azumi yake yi. A nan muka ajiye motar muka hau babura, don an ce hanyar ƙauye ta yanke. Kuɗin ya ninka na bara, masu baburan kuma suka ce iyakarsu tudu, ba su gangarawa.

Ban gane abin da suke tsoro ba sai da muka gangara da ƙafa. Rana tar, babu ko ɗigon hadari a sama, amma unguwar tsit. Babu kukan zakara, babu sautin daka. Ƙofofi a buɗe, turame a kife, kwaɗi na ta kuka da rana tsaka a cikin ɗakunan mutane. A jikin kowane bango akwai layin danshi daidai gwiwa, miƙe sambal kamar da igiya aka auna. Tururuwa sun yi jerin gwano suna hawa bishiya da fararen ƙwansu a baki.

Daga nesa na hango katangata. Na ce tawa, don ni na gina ta bara da rani, ta bulo da siminti, bayan na sa an rushe ta ƙasa wadda kakanmu ya bari. Tsohuwar katangar tana da manyan rariyoyi biyu a gindinta, ɗaya gabas, ɗaya yamma, kowace ɗan akuya zai wuce ta ciki. Ni ɗan birni na ga ƙazanta ce da hanyar macizai, na ce wa magini ya shafe su, ya bar ɗan bututu guda. Gwaggo ta yi magana a lokacin, na ce mata zamani ya canza. Har hoton katangar na ɗauka na tura wa dangi, ana ta sa mini albarka.

Da muka tura ƙofar zaure, sai muka ga tsakar gida ta zama tafki. A waje ruwan ya janye tun jiya, a ciki kuwa yana nan kwance, ba ya ko motsi. Rijiyar gidan, wadda muke zura guga gaba goma muna yara, ta cika har baki ta haɗe da shi. Ba don murfinta da ke yawo ba, da ba mu san inda take ba.

Gwaggo na zaune a kan gadon ƙarfenta a cikin ɗaki, ta naɗe ƙafafu, carbi a hannu, ruwa na lasar ƙafar gadon. Bangon ɗakin ya jiƙe ya yi baƙi har kusa da taga, ka taɓa shi yatsanka ya nutse.

Na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki taso mu tafi. Ɗakin nan ba zai kai gobe ba."

Ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, mai katanga. Ruwan nan tun Baba na da rai yake bi ta gidan nan. Ya shigo ta gabas, ya fita ta yamma, ko kwana ba ya yi. Kai ka kulle shi. Ba zan bar gidan ubana da baƙo ɗaure a ciki ba. Buɗe masa, sannan mu yi maganar tafiya."

Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya fi kunyar. Ƙanena ya samo diga a gindin rumbu, na tattare wando na shiga ruwan, ina bin gefe don kar in faɗa rijiya. Gwaggo na daga ɗaki tana yi mini kwatancen inda tsohuwar rariyar yamma take, daidai gindin dalbejiya. Simintin da na yi alfahari da ƙarfinsa, ranar na raina kaina a hannunsa. Sai da tafin hannuna ya yi kanta kafin bulo uku su faɗi.

Ruwan ya yi wani irin gurnani ya kama hanya, ya tafi da takalmin Gwaggo da ludayi da wata ƙwarya. Jin ƙarar ce ta sa ta sauko, ta dafa kafaɗar ƙanena ta fito don ta gani da idonta. Ba ta fi taku goma daga ƙofa ba sai ɗakin ya zauna. Bai yi rugugi ba, bai ta da ƙura ba. Durƙusawa kawai ya yi a hankali, kamar tsohon da gwiwa ta gaza, rufin ya kwanta a kan gadon da ta tashi daga kai.

Can Gwaggo ta ce, "To, yanzu ku kai ni."

Goya ta ƙanena ya yi har tudu. A mota ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Da muka wuce Bakori ta sa aka saya mata gasasshiyar masara, ta karya ta miƙo mini rabi.

La'asar sakaliya muka shigo Funtua. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya shiga jikina. Kare gida daga ambaliya ba tsawon katanga ba ne, sanin hanyar ruwa ne da bar masa ita. In ka ga tsofaffi sun bar rami a gini, tambaya tukuna kafin ka kira magini. In kuma bangon ƙasa ya sha ruwa, a fitar da mutane tun yana tsaye.

Muna isa ƙofar gidana Gwaggo ta ƙi shiga. Ta tsaya da aron takalmi tana kallon dakalin da na zuba a kan kwatar layinmu don in riƙa hawa da mota, ledoji sun cushe ƙarƙashinsa, ruwa ya taru ya yi kore. Ta juyo ta tambaye ni ko mun taho da digar nan.