Hannun Habsa

Shekara talatin da ɗoriya Habsa tana ungozomanci a ƙauyenmu, kusa da Filinge. Gajeruwa ce mai baƙar magana. Ba ta yanke cibi sai da sabuwar reza, kuma ita kaɗai take binne mabiyiya a bayan ɗaki, ko uwar miji ba ta bari ta leƙa. Rabin garin nan a hannunta suka faɗo duniya.

Wannan ɓoyon shi ya ja mata. Basiratu, matar ɗana Yazid, ta haifi namiji mai ɗan ƙaramin kai, ba ya kama nono, sai zabura da ƙandarewa. Wata huɗu ya koma. Ta biyu mace, ita ma haka. Duka Habsa ce ta karɓe su. Ni na fara tambaya cikin mata: me take yi a bayan ɗaki da ba ta so a gani? Ban ce mayya ba, Allah shaida, su suka ƙarasa mini. Kafin damina masu ciki sun fara kauce mata hanya.

Haihuwa ta uku muka kai Basiratu asibitin Filinge a ɓoye. Hannun Habsa bai taɓa yaron ba, amma ya fito da irin kan 'yan'uwansa. Aka tura su Yamai, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ya ce tun a ciki ba ta gama tsaruwa ba, ciwon gado ne, uwa da uba kowa na ɗauke da shi bai sani ba. Ya tambaya ko Yazid da Basiratu dangi ne. Basiratu ɗiyar ƙanena ce. Ni na ƙulla auren, har ina taƙama tuwona maina.

Kunya ta kama ni, na kai wa Habsa goro. Ta juya shi kamar mai neman tsutsa.

"Mi kika biɗa, uwar Yazid?"

Na faɗa mata komai.

"To. Gaban matan da kinka ɓata ni, nan za ki wanke ni."

Na ce sai na yi shawara. Ina da 'yan mata biyu a gida. In gari ya ji jininmu ne, wa zai zo nemansu?

Shekara biyu ke nan. Habsa ba ta tona ni ba, ni kuma ban wanke ta ba. Jiya jikarta ta cikinta ta haihu, dangin miji suka tsaya a bakin ƙofa suka hana Habsa shiga.