Sallamar Kaka a Kufan Tsohon Birni

A daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Malam Yohanna, malaminmu na aji huɗu, mutumin kudancin Zariya, ya jera mu a filin makaranta ya ce gobe za mu je kufan tsohon Birnin Gwari. Murna kamar mu tashi sama, don ranar ba ciyawar akuya, ba ɗiban ruwa a rafi.

Kakata makauniya tana jin labarin ta damƙe hannuna. A can aka haife ta, kuma tun da mutane suka taso suka dawo bakin titi ba ta sake komawa ba. "Gidan babana yana bayan masallaci, gabas da kuka," in ji ta. "Ka tsaya a ƙofar zaure ka yi mini sallama. Kada ka kuskura ka shiga ta baya kamar ɓarawo."

Muka ratsa daji, raɓa ta jiƙa mu sharkaf. Malam ya nuna mana ganuwa, duk ta zaizaye ta zama tudu. A wata 'yar coci ta laka da mishan suka bari, jemagu ne suka tarbe mu. Da muka isa tsohon masallaci, Malam, duk da shi Kirista ne, ya cire hularsa da takalmansa, alhali rufin ma babu, sai gumagumai.

Na zagaya baya a guje. Ga kuka nan tsaye, amma gabas da ita kunyoyin dawa ne iya ganinka. Wayyo! Ba zaure, ba katanga, ko tubali ɗaya. Ta ina mutum zai tsaya? Na yi sallama gabas, na yi yamma, har muryata ta dishe, yara suna ta yi mini dariya.

Da na dawo Kaka ba ta tambaye ni hanya ba. "Ka sami ƙofar?"

"Babu ƙofa, Kaka. An nome gidan."

Ta juya fuskarta bango, tuwon ranar ko taɓawa ba ta yi ba. Kafin a yanke dawa muka binne ta.

Yau ko waccan gonar ba mai zuwa, 'yan bindiga sun riƙe dajin. Jikokina suna tambayata labarin tsohon birni. Ni dai na tarar da kuka, su ko hanyar ba za su gani ba.