Tartsatsin Da Muka Ɓoye A Idon Babana

Assalamu alaikum masu karatu. A shekarun da Nasara suka tattara nasu suka bar mana ƙasarmu, ni saurayi ne sabon aure, ina dukan ƙarfe a maƙerar mahaifina a wani ƙauye tsakanin Agiye da Gazawa. Ni ne ɗan fari, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "kai". Yau ga ni tsoho, haƙora duk sun zube, amma abin da zan faɗa muku bai tsufa a raina ba.

Baba maƙeri ne na gado, kuma ban ga mutum mai ƙin zaman banza irinsa ba. Daga sallar asuba ya hura gawayin ƙirya, ba ya tashi sai salla ko tuwo. Hauyar da ya ƙera sai dai noma ya cinye ta, ba dai ta karye ba, har daga hayin iyaka ake zuwa nemanta. Ban da ƙira, shi ne mai maganin ƙuna na yankinmu. Kun san a al'adarmu wuta ba ta cin maƙeri, don haka duk yaron da ya faɗa murhu ko kunu ya zube masa, wurin Baba ake rugowa da shi, ya yi tofi ya shafa magani, ko na goro ba ya karɓa.

Wata bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas, manoma sun cika rumfar maƙera kowa da tsohuwar hauyarsa. Baba ya riƙe jan ƙarfe da awartaki, ni ina dukan ƙarfen da masaba, sai na ga ya ɗan girgiza kai. Sai da ya gama hauyar mutane sannan ya ja ni bayan rumbu ya ce in duba masa idon hagu. Na ga ɗan baƙin ƙarfe ya nutse cikin ƙwayar idon. Na gwada da auduga, na gwada da harshe, ya ƙi fita. Na ce masa mu tari kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, mu tafi Maraɗi wurin lokotoro, wato likita. Sai ya dube ni da ido ɗaya ya ce, "In aka ji wuta ta ci ni, wace uwa za ta sake kawo mini ɗanta? Ka rufa mini asiri sai an yi shuka."

Na rufa kuwa. Ya sauko da rawani kan idon, ya ce wa mutane ciwon kai ne. Inna ta tsare ni da tambaya, na ce mata hayaƙi ne kawai. In ya kai hannu zai kuskure, sai in yi wuf in gyara masa kafin wani ya lura. Wallahi har wani alfahari nake ji, wai ni ne babban ɗa mai riƙe sirrin gida. Kaico, wauta! Ina ji yana nishi in ya yi sujada, ina kallon ruwa yana tsiyaya daga ƙarƙashin rawanin, amma ban gaya wa ko ƙanensa ba, wanda na san da ya ji, ɗaukar Baba zai yi cak ya aza kan jaki.

Sai da ruwa ya zauna, kowa ya karɓi hauyarsa, sannan ya yarda muka tafi. Lokotoro ya duba ya ce da mun zo da wuri abu ne mai sauƙi, amma yanzu idon hagu ya mutu, ciwon kuma ya riga ya tsallaka na dama. Kafin a yanke gero Baba ba ya bambanta rana da inuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da gari ya ji, ba wanda ya yi dariya. Mata ba su fasa kawo 'ya'yansu ba, yana laluba ƙunar da hannu yana tofi. Wani dattijo manomi ya zo har gida yana hawaye yana yi mini faɗa, ya ce da sun sani da tsofaffin hauyoyinsu za su yi noman shekarar. Ashe kunyar da muka sayar da ido biyu don gudunta, babu ita ko kaɗan.

Duk da haka Baba bai yarda ya zauna a zaure ba. Kullum sai in riƙo hannunsa zuwa maƙera ya zauna gindin zugazugi yana yi mini zuga, aikin da ake ba yara. Wata rana na kasa daurewa, na aje masaba na roƙe shi gafara ina kuka. Bai daina zuga ba, ya ce, "Ni na hana ka, kai kuma ka bi. Ina laifinka? Ɗauki masabarka, ƙarfe na hucewa." A haka ya rayu har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shi ya yafe, ni ne har yau na kasa yafe wa kaina. 'Yan'uwa, iyayenmu masu zuciyar aiki sun iya ɓoye ciwo, kuma ɗan da suka fi yarda da shi suke sa wa ya taya su ɓoyewa. In mahaifinka ya ce ka rufa masa asiri kan lafiyarsa, kar ka rufa. Ka kira 'yan'uwansa, ka kai shi likita ko yana faɗa yana zagi. Fushinsa zai wuce. Ni na ji tsoron fushin Baba, sai ga shi 'ya'yana duka ya ɗauke su a cinya, bai ga fuskar ko ɗaya ba.