Telan da Ya Ƙara wa Wandonsa Ƙyalle

A benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan, ni da shi, zamanin da ake duba farcen yaro kafin a duba littafinsa. Ni na ci gaba da karatu, shi ya koma bakin keken ɗinkin mahaifinsa. Amma tarbiyyar ba ta sake shi ba: takalmi a goge, magana ɗaya. Tun muna yara ake ce masa Ɗan Tsaf, sunan kuma ya bi shi har furfura.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin titi. Keke mai ƙafa a jikin taga, almakashi a rataye a ƙusa, alli a bayan kunne. In ka shigo, kallo ɗaya zai yi maka ya ce, "Ka ƙara ƙiba." Kuma in aka auna, haka ne.

Akwai wani makanike da yake yi wa ɗinki, mashayi ne, kowa ya sani. Ciwon hanta ya kama shi, cikinsa ya kumbura, Ɗan Tsaf ne ya riƙa buɗa masa wanduna har ya rasu. Ranar da aka binne shi, mun ji mutane suna cewa ƙasa-ƙasa, "Kwalba ce ta cinye shi." A hanyar gida Ɗan Tsaf ya ce mini, "Ka ji? Ko gawa ba su ƙyale ba. Da wannan maganar 'ya'yansa za su tashi."

Bayan wasu shekaru, nasa cikin ya fara tasowa, shi da bai taɓa leƙa ƙofar mashaya ba. Da wani ne, da ya nufi asibiti. Shi tela ne, sai ya ɗauki almakashi. Ya farke ƙugun wandonsa ya ƙara ƙyalle. Ya saki rigunansa ta gefe, ya gyara kafaɗa yadda riga za ta sauka ba ta taɓa cikin ba. In cikin ya ƙaru, ya sake farkewa. Gwanintarsa ce ta cuce shi, domin babu wanda ya gane. Ni da muke hira kullum, na ga dai wuyansa ya rame, na ce tsufa ne. Har tsokanarsa na yi.

"Ɗan Tsaf, kai ne da manyan riguna? Arziki ya zo ke nan?"

"Yayi ne, ɗan boko. Kai me ka sani a tufafi?"

Ranar da ya yi aman jini a kan keke, ni da matarsa muka kai shi asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitar mace ce, sa'ar 'yarsa. Ta ce jijiyoyin da ke fitar da jini daga hanta ne suka toshe tun da daɗewa. Jinin ya rasa hanyar fita, ya yi ta danne hantar, ita kuma ta yi ta tabo har ta yi tauri. Yanzu ciwon daji ya fito a cikinta.

"Baba, da ka zo tun cikin yana farawa, ana iya buɗe hanyar," in ji ta.

Bai tambayi ko zai tashi ba. Cewa ya yi, "'Yata, wannan ciwon na giya ne?"

"A'a, Baba. Naka daga jijiya ne. Yana kama wanda bai taɓa sha ba."

"Sake faɗa, su ji."

Ta sake faɗa. Ya juyo wurina. "Ka ji da kunnenka. Kai ba ka ƙari, ba ka ragi. In an tambaya, haka za ka faɗa."

Matarsa ta matso kusa da shi. "Baban yara, ashe abin da kake ɓoyewa ke nan? Ni fa ke wanke wandunan nan. Na ga ƙyallen, na ce girkina ne ya karɓe ka, har daɗi nake ji. In kana sha, ai ni zan fara sani!"

"Ba ke nake ji ba," in ji shi. "Yaran nake ji."

Bai kai ƙarshen shekarar ba. Da muka dawo daga maƙabarta, ina zaune a ƙofar gidan, sai na ji wani a bayana yana cewa, "Wai hanta ce. Oh, mutum dai ba ka sanin cikinsa." Na juya. Na faɗa masa jijiyoyi, da toshewa, da tabo, da daji, bi da bi, yadda likita ta jera su. Na ɗaga murya don na kusa da shi su ji. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙansa, maganar kuma ba ta sake tashi ba.

Babban ɗansa ne a shagon yanzu. Tsofaffin unguwa suna kawo masa ɗinki suna cewa ɗan mutumin kirki ne. Kwanan baya ya nuna mini ɗaya daga cikin wandunan. Sai da muka juya shi ciki waje, muka kai shi bakin taga, kafin muka ga inda ƙyallen ya haɗu da yadin.