Fadamar da muka jinginar

Maigidana mutum ne mai sanyi, ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Shekarar da fari ya cinye gero, ya jinginar da fadamarmu ta Kalgo ga abokinsa na ƙuruciya, wani marini, a kan keso biyu, wato buhu biyu na kuɗin wuri. Al'adar ita ce mai kuɗi ya yi ta noman gonar yana ci har ran da aka biya shi. Fadamar nan ita kaɗai muka mallaka.

Damina shida marinin yana yankan shinkafarmu, mu muna ƙodago a gonakin mutane. Da muka haɗa kuɗin da ƙyar, sai ya ce wai wuri ya mutu, sulallan Nasara yake so, kuma da ƙari. Ƙari fa! Na tasa maigida gaba da masifa har ya yarda muka ɗauki hanyar Gwandu, kwana biyu a ƙafa.

Alƙali ya saurari kowa, sannan ya tambayi marinin dami nawa yake ɗauka a shekara. Ya faɗa, don ba maƙaryaci ba ne, kwaɗayi ne kawai. Alƙali ya ce cin amfanin jingina riba ce, bashi ya biya kansa tuntuni, a mayar mana da gona yau, har da shinkafar da ke tsaye a ciki. Daɗi kamar in yi guɗa.

Sai na ji maigida ya yi gyaran murya.

"Allah ya gafarta malam, ta bana shi ya shuka, a bar masa ya yanke. Ran da ya ba ni kuɗin nan, 'ya'yana kwana biyu ba su ci ba."

Marinin ya rufe fuska da hannun riga, yana kuka. Ni kuwa tun daga Gwandu har gida ban rufe baki ba. Na ce wa maigida wawa, na ce masa mai kyauta da abincin 'ya'yansa. Shi dai murmushi yake, yana cewa in yi haƙuri, baɗi tamu ce.

Baɗin ta zo, ya noma fadamar, ta yi kyau ƙwarai. Damina ɗayan nan tak ya samu, kafin wata shuka Allah ya karɓi abinsa. Na daɗe ina jin haushin shekarar da ya bayar. Yanzu kalmar wawan nan ce ke hana ni sukuni, don ban taɓa ce masa ya yafe mini ba.