Takardar Garantin Da Na Ɗinke Cikin Fata

Edita, a shekarun farko na mulkin kai ni sabon magidanci ne a Tambuwal, mai jin kai kamar ni na kafa garin. Ina da karatun allo daidai gwargwado, boko kuwa ko baƙi ɗaya ban sani ba, kuma har alfahari nake da hakan. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, gonar fadama ta wajen Kebbe ta faɗo hannuna. Gonar da ta ciyar da gidanmu tun kaka da kakanni, ni sarkin dabara na sayar da ita na sayi akori-kura, wai in riƙa jigilar hatsi da 'yan kasuwa tsakanin Kebbe da Tambuwal. Ban bar wa kaina wata madafa ba. In motar ta tsaya, tukunyar gidana ta tsaya.

A kamfanin da na saye ta a Sakkwato akwai wani akawu mai magana ta hanci, yana riƙe alƙalami kamar sandan mulki. Ya ce motar tana da garanti na shekara guda, wato in ta lalace su za su gyara kyauta, amma in na ƙara wani abu za a tsawaita shi zuwa shekara uku. Na yi jim ina tunani. Sai ya dubi takalmina ya ce ba dole ba ne, dama manyan attajirai ne ke yi. Nan ya gama da ni. Na biya, ba don na gane ba, sai don kada wannan ɗan tsurut ya ɗauke ni matsiyaci. Ya yi ta zuba bayani rabi Hausa rabi Turanci, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, idona na kan mota.

Mu a gidanmu takarda mai daraja ba a barin ta a fili, saboda gara da ruwan damina. Don haka ina isowa gida na kai takardar garantin wurin baduku, ya naɗe ta ya ɗinke cikin jar fata kamar laya, har da tuntu. Na rataya ta a gaban mota, duk wanda ya shiga sai na nuna masa, in ce Turawa da kansu sun tsaya wa motata. 'Yan kanzagi su yi ta kirari, suna shan tafiya kyauta. Maƙwabcina, wani dattijo malamin elementare, ya ce in ba shi ya karanta min, don irin waɗannan takardu ba su rasa sharaɗi. Na ce masa ya ji da allinsa da kekensa mai faci, wanda bai taɓa mallakar taya huɗu ba me ya sani game da mota? Ya juya ya shige gida.

Cikin shekara ta biyu, ranar kasuwa, ina ɗauke da buhunan gero mun baro Fakku, inji ya buga. Ko gezau ban yi ba. Na ce wa fasinja su kwantar da hankalinsu, na cire layata na nufi Sakkwato ina taƙama. Akawun nan ya sa reza ya farke ɗinkin a gaban mutane, ya juya bayan takardar ya nuna min wasu gidaje a jere, duk fayau. Ashe bayan kowane 'yan watanni ana kai motar su juye baƙin mai su buga hatimi a gida ɗaya. Babu hatimi, babu garanti. Kuma rashin juyen nan ne ya kashe injin, don ni ƙari kawai nake yi in ya ragu. Ya ce ai ya gaya min tun ranar farko, yana murmushin mugunta. Na so in shaƙe shi da igiyar nan ta 'yan boko da ya ɗaura a wuya, amma wa zan ce ya hana ni ji?

Kuɗin sabon inji ya fi ƙarfina. Na sayar da gangar jikin a wulaƙance, 'yan kirari suka watse kamar ba a taɓa yin su ba. Da damina ta faɗi yara na kukan yunwa, na ɗauki fartanya na je wurin wanda ya sayi gonarmu neman ƙwadago. Na yi noman haya a kunyar da mahaifina ya koya min riƙon fartanya, ana kawo min fura a matsayin ɗan aiki.

Har yau ina raina akawun nan da ya ga jahili ya ƙi tsayawa ya fahimtar da shi, amma rainin da nake wa wancan sabon magidancin mai tuntu a gaban mota ya fi yawa. Garanti ba laifinsa ba ne, girman kai ne ya ci ni. Jama'a, duk wanda aka miƙa wa takarda, ta mota ce ko ta keken ɗinki, kada ya biya sai ya san abin da take nema daga gare shi, gaba da baya. In ba ka iya ba, tambaya ba ta rage rawani. Karatun da zai cece ni bai kai tsawon alwala ba, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da mai yi min shi kyauta.